Tarwaɗa a Jirgin Maigida

A ƙauyen da aure ya kai ni, bakin tafki kusa da Warra, ba a ce wa namiji yaya aiki. Yaya ruwa ake cewa. In jirgi ya tsaya a kwata, wato inda ake ɗaure jirage, duk wanda ke tsaye zai ɗaga murya ya ce, "Yaya ruwa?" Mai jirgin ya amsa, "Ruwa da godiya," ko da abin da ya kamo bai isa kyanwa ta karya kumallo ba. Na daɗe ina jin wannan gaisuwa kamar kowace gaisuwa. Ban san nauyinta ba sai da aka daina yi wa maigidana ita.

Ni 'yar tudu ce, daga ƙasar Shanga, gidan manoma. A gidanmu duk abin da yake da baki kiwata shi ake yi: kaji, zabi, awaki, har tsohon jakin da ya daina aiki yana da rabonsa na dusa. Ranar da aka kawo ni, cikin kayana har da kaza guda a akurki, matan dangin miji suka yi ta dariya wai an kawo amarya da ƙawarta. Su Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni. A wurinsu Allah ya riga ya zuba abinci cikin ruwa, naka kawai ka je ka ɗebo. Tun daga ranar maigida ya sa mini suna 'Yar Tudu, kuma bai taɓa kirana da wani ba, ko muna shiri ko muna faɗa.

Gwanin jefa birgi ne, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a sama kafin ta faɗa ruwa. Tsaye yake yi a goshin jirgi, jirgin na rawa shi ko gezau. Jirgin kuwa na katako ne, dogo, a Yelwa aka ƙera masa shi da guminsa, kuma kafin ya wanke fuskarsa da safe sai ya je ya duba lafiyarsa.

Sai kurkunu ya fito masa a gwiwa. Aka yi ta naɗe shi a tsinke, aka yi ta jiƙe-jiƙe, ya sha jinya har muka gaji da lissafin kasuwannin da suka wuce. Ciwon ya warke, amma ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasawa. Mai irin wannan ƙafa ba ya tsayuwa a goshin jirgi. Aka jawo jirgin aka bar shi a kwata, rabinsa a kan yashi, shi kuma maigida ya koma ɗaki. Masu zuwa dubiya ba su yanke ba, amma kowa abu ɗaya yake cewa: "Yaya jiki?"

Shekarar ce aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan jihar Kebbi. Maza suka yi ta taruwa a gindin rediyo suna murna, ni dai tukunyata ba ta ji labari ba. Ni da Inna, uwar maigida, muka koma fiɗar kifin wasu muna sa musu a banda, a ba mu ɗan abin miya. Kazar nan da aka yi wa dariya, jikokinta ne suka riƙe mu da ƙwai. Maƙwabta kuma ba su yar da mu ba, kullum sai an aiko da kifi daga gida kaza ko gida kaza, don haka ake yi wa masuncin da ya kwanta. Amma ina ganin yadda maigida ke haɗiyar kifin da wani ya kamo, da ƙyar yake wucewa.

Da damina ta kankama sai ga Yayana daga Shanga. Mutumin kirki ne, amma bai iya zagaye ba. Ya dubi ƙafar, ya dubi rumbunmu da babu komai sai gizo-gizo, ya gyara zama.

"Ni ban iya ɓoye magana ba," in ji shi. "Ƙahwagga ba ta komawa ruwa. A sai da jirgi, a sai shanun huɗa, ku taho gida. Gona na nan, mu mu noma muku."

Inna tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "An tashe mu sau guda da anka yi dam, ruwa ya ci garinmu muna kallo. Ni ba a tashe ni na biyu."

"Inna, yunwa ba ta san wanga zance ba," in ji Yaya.

Maigida ya kawar da kai. Can ya ce, yana kallon bango, "In kaka ta yi jirgin bai ciyar da gidanga ba, ka zo da mai saye."

Gidanmu ne za a koma, ya kamata in yi murna, amma ban yi ba. Na san abin da zai faru. Za a ajiye shi a gindin bishiya, ba ya iya bin shanu, ba ya jin ƙarar ruwa, 'yan'uwana na noma suna ba shi. Da wata ɗaya ba zai mutu ba, amma a hankali zai ƙare, ina kallo. Ina son mutumin nan, kuma ban ga dalilin da zan zauna in naɗe hannu ba.

Bayan ƙauyen akwai fadama, inda ruwan sama ke taruwa ƙananan kududdufai. Wata safiya na je wanke tukunyar tuwo a can, ina kankare ƙanzo yana faɗawa ruwa, sai na ga ruwan ya yi baƙi. 'Ya'yan tarwaɗa ne, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, sun taru suna wawar ƙanzon, wannan ta ture wannan. Gefe guda ga zalɓe yana tsince su ɗaya-ɗaya hankalinsa kwance. Na tsaya da tukunya a hannu. Abin da na gani shi ne 'yan tsaki, babu uwa, babu mai su, kuma suna cin abin da aka ba su. Ɗan masunta zai wuce su sau dubu bai ga haka ba, don shi kifin da bai isa kamu ba ba kifi ba ne tukuna.

Na ƙudura zan kiwata su, saura wurin zubawa. Randa ta yi kaɗan. Rami a ƙasarmu ta bakin ruwa yashi ne, kana zubawa yana shanyewa. Ina cikin wannan tunani na bi ta kwata, na ga jirgin maigida da ɗan ruwan sama kwance a cikinsa, ko ɗigo bai tsiyaye ba. Jirgin da ya hana ruwa shiga ai zai hana shi fita. Na ɗauko bokiti na ƙara ruwa har ya kai rabi, na koma fadama da tsohon gidan sauro na tato 'yan kifin cikin daro na juye. Ban gaya wa kowa ba, don na san bakin mutanen garin.

Abincinsu bai ba ni wuya ba. Yadda muke yi wa 'yan zabi a gida na yi musu: a cusa busasshen kashin shanu da karmami cikin tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a hanyar gara, da safe a tarar da ita cike. Ina zazzage garar a jirgi, in ƙara da dusa da hanjin kifin da muka fiɗe. Ba a jima ba suka san ni. In na ƙwanƙwasa katako sai su taso, gashin bakinsu na motsi a saman ruwa. Ni kaɗai nake tsayawa ina dariya kamar wadda ta zare.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi. Da safe ina hura wuta na ji sallamar Baba, wani tsohon Bagunge, daga mutanen tsibiran kogi, aminin marigayi uban maigida. Shi addinin kakanninsa yake bi, ɗansa ɗaya na zuwa coci, ɗaya na zuwa masallaci, kuma babu bikin da naman gidajen biyu ke wuce shi. Ya shigo wandonsa jiƙe har gwiwa, fuskarsa fal annuri, ya leƙa ɗakin maigida.

"Yaya jiki? Kwanta abinka, ɗana. Na ishe jirginka cike da ruwa, na kwashe ma shi tas. Aradu ko cokali guda ban bari ba. Har wasu 'yan kihi da yara sunka zuba ciki, na maishe su ga uwayensu."

"Allah shi saka, Baba," in ji maigida.

Ni ma na ce Allah ya saka. Na kawo masa kunu da hannuna, na durƙusa na ba shi. Sannan na zaga bayan ɗaki na cusa bakin zane a baki na yi ihun da babu wanda ya ji. Tsoho ya ɓata safiyarsa yana yi mana alheri, da wane baki zan yi masa faɗa?

Na sake cika jirgi, na sake tato wasu. Ba a rufa kasuwa biyu ba, samari masu dawowa daga jan raga suka kwashe shi, suna waƙa. Na sake. Wannan karon liman ne da kansa ya naɗe hannun riga, ya zo yana faɗa mana cike da jin daɗi cewa shi ma ya sami ladan. Ban taɓa zama a garin da alheri ya yi mini yawa irin haka ba. Ƙafafuna suka faffashe da zaryar fadama, kuma kududdufan sun fara raguwa da 'yan kifi, don zalɓe ma bai tafi hutu ba.

Rannan muna fiɗa ni da Inna, na ce da ita kamar da wasa, "Inna, wai mutanen garinga ba su da aiki sai jirginmu?"

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. "Jirgin da ka cika ko ba a yi ruwa ba? Na daɗe ina kallon sawunki, ɗiyata. Ke ka zubawa."

Na ce ni ce, na gaya mata dalili. Ban san ko za ta yi dariya ko za ta yi faɗa ba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce a wurinsu jirgin da aka bari cike da ruwa a kwata na mutum biyu ne, matacce ko wanda aka fid da rai da shi. Shi ya sa duk wanda ya wuce jirgin mara lafiya ya ga ruwa sai ya kwashe, don kada a ce garin ya sallama shi. Ƙoƙon da kowa ke sawa a jirgin nan, cewa yake yi mai shi zai tashi.

Ashe su suna ta cewa zai tashi, ni matarsa ina bin bayansu da bokiti.

"Amma kihin na ci?" in ji Inna.

"Suna ci, Inna. Har girma suke yi, in an bar su."

Ta ɗauki wuƙarta. "To ki hwaɗa mishi da bakinki, kar shi ji ga wani."

Da rana na kai masa fura na faɗa masa, ban rage komai ba. Ya ajiye ludayi. Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Da raina, 'Yar Tudu? Da raina kinka cika min jirgi da ruwa?"

Ni kuma ba a haife ni da haƙuri mai yawa ba. Na ce, "Da ranka hwa. Don da ranka na cika shi. In an bar shi busasshe, da kaka wani za shi tuƙa shi ya tahi, kai kuma a ɗora ka a mota a kai ka tsaron kaji gidanmu. Kai ka ce jirgi shi ciyar da gida. Ba ka ce sai a kan ruwa ba."

Ya juya ya fuskanci bango. Kwana da kwanaki ba ya yi mini magana sai abin da ya zama dole. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban fasa ba. Na koma fadama na tattaro na ƙarshen da suka rage, Inna kuma ta ɗauki tabarmarta da carbinta ta koma zaman kwata, duk wanda ya nufo jirgin da ƙoƙo ta ce masa ta gode, ita za ta kwashe da kanta.

Sai kifin suka fara abin da ban gane ba. Suka daina cin gara, suka taru a sama suna ɗaga baki, ruwan ya yi kore yana wari. Na zo hankalina a tashe na gaya wa Inna. Ta yi ɗan murmushi, ta ja ni har gindin tagar ɗakin maigida, ta ɗaga murya yadda ko na kwata zai ji.

"Baki sama sunka ɗaga? To ƙishirwa ta. Ko ko mura. Ki daka musu citta da barkono ki zuba."

"Ko in shafa musu man shanu, Inna?"

"Ƙwarai. Ki sa kanwa kaɗan."

Sai muka ji gado ya yi ƙara.

"Ruwan ya ruɓe!" in ji maigida daga ciki, da muryar da na manta yana da ita. "Wace irin citta? Ku canza musu ruwa, za ku kashe su!"

Inna ta ce, "Mu zubar da shi duka ke nan?"

"Ba duka ba! Rabi! Kai, ku ba ni sandata."

Tun da ya kwanta bai taka kwata ba sai ranar. Ya tafi yana jan ƙafa, muna biye. Muna isa kuwa sai ga Baba tsaye a kan jirgin, ya ga Inna ba ta nan, ya riga ya cika ƙoƙonsa zai watsar.

"Baba, aje ƙoƙon," in ji maigida. "Ruwanga da sanina shi ke ciki."

Baba ya tsaya baki buɗe, ƙoƙo a sama. Maigida ya zauna a gefen jirgin, ya miƙe sandararriyar ƙafar, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Na ga fuskarsa tana sakewa a hankali, amma da ya buɗe baki faɗa ya fara.

"Wa ya ce ki haɗa manya da ƙanana? Ba ki san tarwaɗa na cin ƙannenta ba? Ga rana na dukansu. Ga shi ba ki ruhe ba, ranar da anka yi ruwa da yawa tahiyarsu za su yi da ciki." Ya miƙa hannu. "Baba, ba ni ƙoƙon."

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Daga nan aiki ya rabu. Shi ya raba jirgin gida biyu da tsohuwar raga, manya a gaba, ƙanana a baya. Ya shimfiɗa birginsa a sama saboda tsuntsaye da masu tsalle, ya sa aka kafa rumfar zana. Kullum da safe yana zaune yana kwashe rabin ruwan da ƙoƙo, aikin da hannunsa ya saba da shi tun yana yaro, ni kuma ina ɗebo sabo ina zubawa. Abinci nawa ne, ruwa nasa. In na cika musu dusa ya ce zan ɓata masa ruwa, in ya daɗe yana kwasa in ce yana firgita mini dabbobi. Inna ta ce tun da aka kawo ni ba ta ga mun yi hira mai tsawo haka ba.

Garin kuwa ya sami abin dariya. Wai Basarke, ɗan masunta, ya koma ba kifi tuwo. Har daga ƙauyukan maƙwabta ake tsayar da jirgi a zo kallo, wani ya ce a saya musu ƙararrawa a rataya, wani ya tambaya ko da Sallah za a yi musu ɗinki. Maigida ba ya tankawa, ni nake ramawa, kuma ba na barin kowa ya tafi da tasa. Amma matan da suka fi kowa dariya su ne suka fara aiko da hanjin kifi a kwano, a ce, "Ga na ɗiyanki."

Da damina ta ja baya tafkin ya fara cika, kamar yadda yake yi kowace shekara, ruwa na cin yashin kwata a hankali. Maigida ya dubi inda ya kai ya ce in ba a ɗaga jirgin ba, wata safiya za mu tarar ruwa ya haɗe, dabbobina sun koma dangi. Baba ya bi gida-gida. Mutanen nan da suka yi ta kwashe mini ruwa, har liman, su suka taru. Aka kwashe kifin a daro da randa da tukwane, har kwanon wankan Inna bai tsira ba. Aka jera itace a ƙasa, Baba ya ba da waƙar ja da yarensu, aka turo jirgin har gindin wata tsamiya a bakin hanyar kwata. Sannan duk suka yi layi da bokitai suka cika shi da ruwa, suna yi suna dariyar kansu. Baba ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zuba ruwa cikin jirgi da gangan ba, kuma in ya mutu kada a gaya wa ubansa.

Kifin suka yi ta girma har manyan suka kai kaurin damtse. Lokacin kuma ruwa ya cika ya bazu cikin ciyawa, kamu ya yi wuya, jirage na dawowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata safiya maigida ya gama kwasar ruwa, ya tura hannu ciki, ya damƙo wata ƙatuwa ta bayan kai. Ya ɗaga ta tana bugun iska da wutsiya, ya miƙa wa Inna. Ya sake turawa ya kamo wata, da wata. Na ce yau kasuwa za mu ke nan? Ya ce a'a. Ya lissafa mini gidajen da suka yi ta aiko mana da kifi yana kwance, ya ce in kai wa kowane gida nasa, in ce daga jirginsa ne. Na ɗauki daro a ka ina tafiya hawaye na zubo mini, ina sallama ina dariya.

Bayan wannan muka sa na gaba a banda, na bi jirgin kasuwa na kai Yelwa. Da yake kifi ya yi ƙaranci, ban ko gama sauke kwando ba mata masu saye suka yanyame ni. Na dawo da buhun dawa da 'yar akuya mai ciki, wadda ta yi ta kuka tun daga Yelwa har gida don ba ta taɓa shiga jirgi ba. Na tausaya mata, ni ma haka na yi da aka kawo ni.

Yaya bai manta ba. Da aka gama sussuka sai ga shi da mai saye, wani mutum mai farar riga da hula a karkace. Muna gindin tsamiya suka iso. Mai sayen ya zaga jirgin yana ƙwanƙwasa katako don ya ji ingancinsa. Kifin kuwa abin da suka sani da ƙwanƙwasa shi ne abinci. Suka taso gaba ɗaya, ruwa ya tashi, farar rigar nan ta sha abin da ta sha. Mutumin ya ja da baya yana salati.

Yaya ya tsuguna a gefen jirgin. Na watsa gara, ya ga yadda suke wawa. Ya yi ta tambaya irin ta manomi: me suke ci, yaushe aka zuba su, suna ciwo, suna haihuwa a nan ko sai an ɗebo wasu. Can ya kaɗa kai ya yi dariya.

"Ashe turka kunka yi. Raguna na, ƙaho ɗai ab babu." Ya dubi maigida. "To, mi ka ce game da maganarmu?"

"Cewa na yi in jirgi bai ciyar da gida ba," in ji maigida. "Shiga ciki ka ci abinci, in ka hito ka hwaɗi da kanka."

Tuwon shinkafa na yi da miyar tarwaɗa. Yaya ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu, bai sake tayar da zancen shanu ba. Da zai tafi na ɗaure masa banda a kwando, ya ja ni gefe ya ce tun ina ƙarama ya san ko dutse aka ba ni sai na nema masa dusa. Mai saye ne kaɗai ya koma ransa a ɓace, yana ta mitar rigarsa.

Ƙafar maigida ba ta sake lanƙwasawa ba har ƙarshen rayuwarsa, jirgin kuma bai sake hawa ruwa ba. Daga baya mun haƙa rami a fadama inda ƙasar take da yumɓu, akuyar nan ta cika mana gida, kuma duk tsohon jirgin da ke garin sai da wata mata ta toshe shi ta zuba masa ruwa. Ba mu yi arziki ba, amma ba a sake aiko mana da kifin tausayi ba, kuma Inna a ɗakinta ta cika, tana jin ƙarar ruwa.

Amma abin da na fi tunawa shi ne washegarin tafiyar Yaya. Hantsi ya fara, maigida na zaune a gefen jirgi yana kwasa, ni na taho da bokiti a ka. Sai ga Baba ya hauro daga kwata, raga a kafaɗa, zai wuce gida. Ya zo daidai tsamiya ya tsaya. Ya dubi maigida, ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa, ya ɗaga murya yadda ake yi wa wanda ya dawo daga tsakiyar tafki.

"Yaya ruwa?"

Ƙoƙon ya tsaya a hannun maigida. Ya sunkuyar da kai, ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Ruwa da godiya, Baba," in ji shi.

Baba ya wuce abinsa. Ni kuwa na sauke bokiti don in juye a jirgi, ban ga inda nake zubawa ba, rabinsa a ƙafafuna ya ƙare. Maigida bai ɗago ba, ya ce, "'Yar Tudu, koma ki ɗebo wani."